Birnin da Ya Cinye Nasiru Yana Kiran Ɗansa

Shekara bakwai ke nan cif da rasuwar ƙanena Nasiru. Ya shiga kanti sayen madara a wani birni na Amurka, wani mutum ya shigo da bindiga irin ta yaƙi ya buɗe wuta. Nasiru na cikin waɗanda ba su fito ba. Allah ya jiƙansa.

Bana hukumar birnin ta hana sayar da irin wannan bindiga a cikinsa. Da kaina na karanta labarin, da yatsa a kan layi, a ajinmu na yaƙi da jahilci da ke unguwar Perry Barr a nan Birmingham. Malamarmu ta yi ta tafi. Ni kuwa abin da ya taso mini kishi ne. Kishin mutanen da ƙannensu za su shiga kanti yanzu su fito da madararsu. Me ya hana a yi dokar tun Nasiru yana numfashi?

Kishi tsakanina da shi ba sabo ba ne. Shi aka kai boko, ni aka zaunar a shagon ɗinki. Ko da na zo Birmingham, in wasiƙar ƙaramar hukuma ko ta likita ta iso, hotonta nake ɗauka in tura masa. Sai ya karanta mini a saƙon murya, ya ƙare da tsokana: "Yaya, cewa suka yi ka fitar da shara ranar da ta dace, ba korarka za a yi ba." Rasuwarsa ce ta kai ni aji da furfura a gemu.

Bayan rasuwar, matarsa Hajiya Rabi ta dawo wurin danginta a Old Trafford da ɗansu Faruk. Duk ƙarshen mako ina cikin jirgin ƙasa zuwa Manchester. Ni na koya masa ɗaura necktie a wuya, ni na tsaya cikin ruwan sama ina kallon ƙwallonsa. Yanzu ya samu gurbi a jami'a biyu: ɗaya a Edgbaston, kusa da ni, ɗaya a birnin da ubansa ya rasu. Uwarsa ta ce ba za ta yanke hukunci ba, ƙa'idar gidanmu ita ce ɗa ba ya tafiya sai wan uba ya sa albarka.

Na ce masa, "Faruk, dokar nan a birni ɗaya ta tsaya. Garin da ke maƙwabtaka da su har gobe ana sayarwa."

Ya ce, "Na sani, Baffa. Amma a can kabarin Daddy yake. Ban taɓa zuwa da ƙafata ba."

Shekara bakwai ina hidima, amma wanda ke kwance a ƙasa ya fi ni ƙarfin kira. Na tambayi kaina, da Nasiru yana nan me zai ce? Na san shi. Zai yi wa dokar dariya, ya ce sai da aka zubar da jini suka farka. Sannan ya ce, "Yaya, kai aka hana karatu. Kada ka hana wani."

Ranar Juma'ar da ta wuce na dafa kan yaron na sa masa albarkar tafiya Amurka. Tsoron bai tafi ba, kishin ma yana nan. Abin da ya rage na Nasiru shi ne wannan yaro mai dariyarsa da taurin kansa, kuma ba nawa ba ne da zan riƙe.

A bakin ƙofa Faruk ya ce, "Baffa, kullum zan riƙa turo maka saƙon murya."

Na ce, "A'a, ɗana. Ka rubuto. Ni zan karanta."