Ruwan Zafin Nata'ala

Duk wanda ya saba sayen albasa a kasuwar Bodija ya san Nata'ala, dogon nan mai rigar sanyi a watan da kowa ke fifita da kwali. Daga Kura ya zo Ibadan yana saurayi, ya sauka a Sabo, unguwar Hausawa, wurin Baba Hanzala, aminin mahaifinsa. Baba ya koya masa ciniki, ya kuma cusa masa tsoron sanyin Kurmi. A cewarsa, damshin ƙasar Yarbawa ta tafin ƙafa yake shiga ɗan Arewa, ya hau ya zauna a mara, ya tsinka masa iri.

Nata'ala ya auri Saudat, haifaffiyar Sabo, mai tuyar awara a cikin gida. Shekara biyu shiru, ko ɓatan wata. Sai Baba ya ja shi gefe ya ba shi magani: kowace safiya ya zauna cikin bahon ruwan zafi da sassaƙe, iya zafin da fata za ta jure. Da damina a ƙara da kaskon garwashi a ƙarƙashin kujera, a kuma riƙa haɗa wando biyu. Nata'ala mutum ne mai riƙon abu. Da ya riƙi karatu yadda ya riƙi bahon nan, da yanzu shi ke jan baƙi a masallaci.

Saudat ta gaji ta je asibiti ita kaɗai. Aka duba, aka ce ba a ga komai ba, ta zo da mijin.

"Maigida, gwaji ne kawai fa, wallahi no wahala."

"A miƙo min kwalba in shiga banɗaki, yaran mutane na kallona? Na san ciwona, kuma ina kan magani."

Abin haushin shi ne ba mugu ba ne. Bai taɓa ɗora mata laifi ba, bai ƙaro aure ba. Son haihuwa kuwa yana cinsa, har in ana suna a layinsu sai ya sammako kasuwa don kada ya ji yankan rago. Kunya ce kawai da taurin kai. A kan maganar asibitin nan ya sake ta sau biyu yana mayarwa. Na ukun ya faɗo ranar da ta kai kukanta wurin limamin unguwa, ya ga an tona masa asiri a gaban manya. Kafin la'asar ya yi nadama, amma malamai suka ce babu kome sai ta auri wani. Haka zaman shekara ashirin da biyu ya ƙare.

Ita ce dama mai surka masa ruwan. Da ta tafi ya fara haɗawa da kansa, wata safiya ya zauna a tafasasshe. Maƙwabta suka kwashe shi sai asibitin da ya rantse ba zai taka ba.

Likitan Bayarabe ne tashin Mokola, maƙwabciyar Sabo, Hausa a bakinsa tar.

"Pele, sannu Malam. Amma me ya kai ka?"

Nata'ala ya yi bayani, har da ɗan alfahari. Likita ya dube shi.

"Ba ka taɓa tambaya ba me ya sa Allah ya rataye maraina a wajen jiki? Don su fi jiki sanyi ne. A cikinsu ake yin ƙwayoyin haihuwa, kullum, ba hutu. Kowace ƙwaya sai ta haura wata biyu kafin ta kammala, ta yi kai ta yi wutsiya, sannan ta wuce wata siririyar hanya a bayansu ta koyi motsi. Kai kuma kowace safiya kana dafa su tun ba su nuna ba. Abeg, don Allah rabu da ruwan nan. Ka dawo bayan wata uku mu gwada, amma ban yi maka alkawari ba."

Baba Hanzala ya daɗe da rasuwa, babu wanda Nata'ala zai ci wa kwala. Ya jefar da bahon, ya jira, ya koma ya karɓi kwalbar nan ba musu. Likita ya ce ƙwayoyin ba su da yawa, amma ga su nan suna motsi.

Daga asibitin bai zame ko'ina ba sai gidan Mu'inuddeen, yayan Saudat, inda take zaune tun da ta fita idda. Ya yi sallama a zaure, ta fito ta tsaya daga bakin ƙofa. Ya zayyana mata komai, har ya fara cewa in ta yi wani auren, in Allah ya sa bai ɗore ba...

"Malam Nata'ala," ta tare shi. Ba ta taɓa kiran sunansa ba sai ranar. "Alhamdu lillahi, na taya ka murna. Ni ma na koma wurin likitata. Jinina ya fara tsallake wata, ta ce ɗaukewa zai yi. Kai naka wata uku ya gyara shi. Nawa fa, a ina zan je a gyara?"

Kafin ya yi magana ta ɗora:

"Ka nemi yarinya ka aura, za ka samu in sha Allahu. Roƙona ɗaya, ranar suna kada a aiko min da goro."

Ta ce awararta na kan wuta, ta koma ciki.