Mai Manja da Tsintsiyar Hajiya Kaka

A duk tarihin karɓar baƙi, ban san mai masaukin da aka taɓa wulaƙantawa kamar kakata ba, kuma wanda ya yi mata wannan aika-aika tsuntsu ne da bai kai dunƙulen hannu ba.

Shekarun tsuke bakin aljihu ne. Ƙaramar hukuma ta rufe wurin da ake kula da yara bayan makaranta a Hulme, unguwarmu a Manchester, iyayenmu kuma ba sa dawowa aiki da wuri, sai aka ɗauko Hajiya Kaka daga Zariya da bizar wata shida, ta zauna da ni da ƙanwata Ummi. Murhunmu hita ce mai sanda uku, ɗaya kacal Baba ya yarda a kunna. Rana na faɗuwa tun ƙarfe huɗu, sai mu kewaye jan sandan nan mu miƙa tafukan hannu.

"Ga ta nan, in kunnuwanku ba su daskare ba," in ji ta.

"Ta zo mu ji ta," mu amsa da harshen Manchester, ta yamutsa fuska kamar ta tauna tsakuwa a tuwo.

Tun makonta na farko ta hango wani tsuntsu da ake kira robin a kan shingen maƙwabcinmu: ɗan mulmulalle, ƙirji ja, ido baƙi ƙirin, kullum shi kaɗai, yana rera waƙa a tsakiyar sanyin da ya rufe bakin kowa. Ta raɗa masa Mai Manja, ta kuma san tarihinsa. Wai a wata shekarar yunwa ya bi gida-gida ana korarsa, sai wata tsohuwa da ba ta da komai sai cokalin manja ta miƙa masa. Da ya sunkuya zai sha, ƙirjinsa ya tsoma ciki. Tun daga ranar ya rantse ba zai sauka ba sai a gidan masu kyauta da tsabta.

Matsalar ita ce a gidan maƙwabcin yake sauka, wani tsohon Bature da bai taɓa amsa mana gaisuwa ba, lambunsa kuwa juji ne na ruɓaɓɓen ganye.

Kaka ta ɗaura ɗamara. Kowace safiya, da suwaita biyu a kan atamfa, ta share ɗan lambunmu tas kamar tsakar gidanta, ta kwashe ganye, ta tuge ciyawa, ta daddaɓe ƙasar. Ta watsa gero. Tattabaru suka zo. Ta watsa dawa. Tattabarun suka gayyato danginsu. Ta ajiye manja a murfin kwalba, ya daskare.

"Maigida," ta ce da ni, "je ka tambayi Baturen nan asirin da ya binne."

"Kaka, I can't. He's scary."

"Ji mini ragon miji! To ka gaya wa tsuntsun da Turancinka, ni jikar masu ciyar da gari ce. Kafin in koma sai ya taka gidan nan, in ba haka ba me zan ce a Zariya?"

Bai taka ba. Ranar tafiyarta ta yi shara ta ƙarshe, ta tsaya da jakarta tana hararar shingen. Mai Manja yana can yana waƙa.

Na daɗe ina juya darasin tatsuniyar. Wani lokaci in ce ƙasar ce haka, ka yi mata hidima ta ƙi kallonka. Wani lokaci in ce haƙuri Kaka take koya mana a fakaice. Har na kusa rubuta maƙala a kai a jami'a. A lokacin ina haya a unguwar Perry Barr tare da samari huɗu da ba wanda ya san inda tsintsiya take. Wata safiya na ture tulin ganye da ƙafa a bayan gidan, sai ga Mai Manja ya dira dab da takalmina, ba gayyata, ba gero.

Na buga wa Kaka waya.

"A gidan ƙazamai?" ta ce. "To me kuka ba shi?"

Ba mu ba shi komai ba. Tsutsa yake ci, ita kuwa a ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye take.