Ma Titus Ba Ta Barin Rabin Kai

A bakin tashar jirgin ruwa ta Castries, babban birnin tsibirinmu, kowa ya san Ma Titus mai kitso. Ni maƙwabcinta ne, ina sayar da ruwan kwakwa, kuma kunnena ya gaji da kirarin da take yi wa kanta: tun tana budurwa, ba baƙuwar da ta taɓa komawa jirgi da rabin kitso daga hannunta. Sauran masu kitson kuwa jira suke ranar ta zo su yi mata dariya.

Ran nan jirgin masu yawon shaƙatawa ya sauke wata Baturiya, Gudrun, gashi har gadon baya, ga santsi kamar an shafa man kwakwa. Sai da ta gama yawonta ta zo ta zauna. Ana tsakiyar kai jirgi ya yi ƙugi.

"Jirgina!" in ji Gudrun, ta yunƙura.

Ma Titus ta matse ta da gwiwoyi. "Zauna, 'yar nan. Wannan na gargaɗi ne. Na girme wa jirgin nan."

Na ce, "Ma, ana janye tsani fa."

"Kai, fasa kwakwarka! Wa ya sa da kai?"

Wallahi ta gama kitson, ya yi kyau. Muka juya, jirgi ya zama ɗan tsito a kan teku. Gudrun ta fashe da kuka, ni ma ta ba ni tausayi. Ma Titus ta ja ta gida, ta cika ta da dafaffiyar ɗanyar ayaba da kifin gishiri, ta bar mata gadonta, ta sa ɗanta ya nemo mata jirgin sama zuwa tsibiri na gaba, inda jirgin ruwan zai tsaya.

Da safe na leƙa in kai su filin jirgi. Me zan gani? Ashe kitso ya matse wa baƙuwa kai da dare, ta warware ɓangare guda kaf, ga lokaci ya ƙure. Ma Titus ta tsaya kamar za ta yi kuka. Sai ta cire ɗankwalinta na zuwa coci, wanda ko 'yarta ba ta taɓawa, ta naɗa wa Gudrun tamau.

"Kada ki cire sai kin daina hango ƙasarmu."

Sannan ta harare ni. "Kai kuma, me ka gani?"

Na ce ɗankwali na gani. Tun ranar kullum Ma Titus tana aiko mini da abincin rana, kirari kuma yana nan yadda yake.