Yatsan Kawu a Kan Takardar Gwaji

Ku da kuke tambayata dalilin da ya sa nake masifa a kan safar hannu, ku zauna ku ji. Har yau ban manta da ranar da Kawu Namakka ya shiga bincikenmu da yatsansa ba.

Ba a daɗe da ba mu Jihar Kebbi ba a lokacin, ni kuwa ina ƙaramin ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje a wata kwaleji a Birnin Kebbi. Shugabata Malama Hadiza, malamar sinadarai, tana binciken digirinta na biyu a kan kifin Argungu. Naman jiki, na kifi ne ko na mutum, da wasu ƙananan sinadarai aka gina shi, ana kiran su amino asid. Galibinsu suna zuwa iri biyu kamar hannun hagu da na dama, kama ɗaya amma ba sa hawa kan juna, kuma jikin mai rai da na hagu yake gini. Malama tana son sanin ko zafin banda yana juya wasu su koma na dama. Kafin a kai can, sai an fara raba su an san waɗanda ke cikin kifin.

Ga yadda ake rabawa. A dafa tsokar kifi cikin asid ta narke, a ɗiga ruwan a gindin takardar tacewa, a tsayar da ita cikin kwalba mai ruwan sinadari. Ruwan sinadarin yana hawa takardar yana jan amino asid ɗin, kowane ya tsaya inda ƙarfinsa ya ƙare. Ba ka ganin komai sai an fesa wani magani, ninhaidirin, an gasa takardar, sannan ɗigo-ɗigo shunayya su bayyana. Maganin nan saura na fesawa ɗaya muke da shi. Ga Farfesan da ke duba aikinta zai zo daga jami'a, ya ce a fesa a gabansa. In bai gamsu ba, Malama ta yi asarar shekara guda.

Kawu Namakka ƙanin mahaifiyata ne, masunci a Argungu, shi ke kawo mana tarwaɗa kyauta. Malama ta taɓa ce masa, "Baba, a sa mu a addu'a." Ashe dattijo ya riƙe maganar da gaske!

Ranar da zai zo, muka ciro takardu daga kwalba muka shanya a igiya, muka tafi tarbo Farfesa. Da muka dawo sai na ga Kawu zaune gindin darbejiya yana ta murmushi. Na gaishe shi a gurguje na wuce.

Na sa safa, na fesa, na gasa, na fito da takardar farko. Wayyo Allah! Ga ɗigon kifinmu a jere, amma a gefe ga shatin wani ƙaton babban yatsa shunayya, zanensa raɗau, ga kuma ƙananan ɗigo sun watsu ko'ina kamar an yayyafa gero. Ta biyu haka, ta uku haka. Malama ta dafa tebur.

Farfesa ya gyara tabarau ya ce, "Hadiza, wane irin kifi ne mai yatsa?"

Sai ga Kawu ya leƙo ta taga. "Ranka shi daɗe, ni na. Ɗiyag ga ta ce in yi addu'a. Mai gadi ya buɗe min, na kama ko wace takarda na tofe ta da kyau, ban bar ko guda ba."

Wallahi dariya ta taso min tun daga ciki, na cije leɓe har hawaye, ga tsoro ga dariya. Farfesa bai ko motsa fuska ba. Ya miƙa wa Malama fensir ya ce, "To, raba min na kifi da na Baba."

Ta karɓa ta fara. Ta ce gumi da yawu duk suna ɗauke da amino asid, shi ya sa maganin ya kama su. Na kifi sun hau da ruwa, don haka suna kan layi ɗaya sama da inda aka ɗiga. Na Baba kuwa bayan takarda ta bushe suka sauka, suna nan inda suka faɗi. Ta zagaye na kifin ɗaya bayan ɗaya, tana faɗin sunan kowane.

Farfesa ya ce, "Na Baban, na hagu ne ko na dama?"

Ta ce, "Na hagu ne, Farfesa, tunda daga jikin mai rai suka fito."

Kawu ya ce, "A'a! Da dama nit taɓa, ni ba ni aikin alheri da hagu!"

Nan Farfesa ya fashe, har ya zauna kan kujera yana buga cinya. Ya sa hannu a takardar amincewa yana share ido. Kawu ya juyo gare ni ya ce, "Ka gani? Ta ci."

Abin da na koya shi ne, a aikin nan duk abin da ya taɓa samfur sai ya bar shaida, ko da alheri ya zo. Mutanenmu kuma ba a hana su addu'a, sai dai a nuna musu inda za su tsaya. Tun daga ranar nake ce wa baƙi su yi daga bakin ƙofa, tana isowa.

Malama ta fesa wa takarda ɗaya ruwan da ke hana launi dusashewa, ta ba ni. Kawu ya rasu da daɗewa, bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Yatsan nan shi kaɗai nake da shi.