Itacen Wankan Dijatu

Duk wanda ya saba sayen agushi a kasuwar Lafiya ya san Iyatu, ko da bai san sunanta ba. Ita ce 'yar siririyar tsohuwar nan ta bakin layin masu manja, wadda ba ta kiran mai saye, ba ta kuma ragi. Bagwandariya ce daga Kwandere. Mijinta ya rasu tun tana da sauran ƙarfi, 'ya'yanta kuma ta binne su ɗaya bayan ɗaya, auta Dijatu kaɗai Allah ya bar mata. To ita ma Dijatun, wani tela mutumin Nijar mai suna Baballe, da ya daɗe yana ɗinki a Lafiya, ya aure ta ya tafi da ita garinsu Matamai. Iyatu ba ta hana ba. Yaron kirki ne, me za ta ce? Amma tun daga ranar gidan ya yi mata faɗi. Sau da yawa ko wuta ba ta hurawa, sai ta jiƙa gari ta sha ta kwanta.

Da labari ya zo cewa Dijatu na da ciki, sai tsohuwa ta farfaɗo. Haihuwar fari ai gaban uwa ake yin ta: yarinya ta dawo gida, uwa ta yi mata wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma har a yi arba'in. Wankan nan kuwa cin itace yake ba na wasa ba. Iyatu ta shiga tari. Duk ranar da ta leƙa Kwandere sai ta dawo da dami, kuma ba kowane tarkace ba, kirya da marke, masu riƙe wuta. Ta jera su bayan ɗaki har suka kamo taga. Ta sayi ƙatuwar tukunya, ta sayi kanwar kunu ta ƙulle a tsumma.

Sai aka rufe iyaka. Manya ne suka yi rigimarsu, ba wanda ya tambayi mai agushi. Dijatu ta haihu a Matamai, namiji, uwar miji ta yi mata wankan. A waya Iyatu ta ji kukan jikanta. Ta yi barka, ta yi dariya, tana kashe wayar ta zagaya bayan ɗaki ta zauna gaban itacen ta yi kukanta ita kaɗai. Ruwan sama ya doki itacen, gara ta fara cin na ƙasa, maƙwabta suka ce ta sayar musu mana. Ta ce ba na sayarwa ba ne. Ko tsinke ba ta ƙona ba.

Ranar da aka ce an buɗe iyakar, ta ce tafiya za ta yi. Matar da ba ta taɓa wuce Akwanga ba fa! Seember, 'yar Tibin da ke sayar da manja kusa da ita, ta daɗe tana saro gwanjo a Kwatano, don haka ta san kan abin. Ita ta ja ta aka yi mata takardar tafiya da katin rigakafi, sannan ta zaunar da ita, ta yi mata huɗuba da irin Hausarta da ba ta raba mace da namiji.

"Iyatu, ji ni da kyau. Boda ba kasuwan Lafiya ba ne. Ka tsallaka da rana, ido na ganin ido. Ka bi get, inda masu yunifom suke. In masu mashin sun ce akwai shotkot ta daji, ka ce ba ka so. Takarda kuma kar ka ba kowa sai wanda yake zaune cikin ofis."

Mota ta kai ta Kano, ta kwana gidan wata 'yar garinsu, kashegari sai Daura, sai Kongolam bakin iyaka. Tana sauka masu babur suka yi mata caa. "Hajiya, layin can sai yamma! Hau nan, yanzu kina Nijar." Ɗaya har ya ɗaga buhunta. Rana na dukan ka, gwiwoyinta na zogi, kuma wallahi zuciyarta ta so hawan. Sai ta tuna ba wanda ya san inda take a duniyar nan. In ta ɓace a dajin can, sai dai Dijatu ta yi ta jira. Ta fizge buhunta. "Ni ta ƙofa zan shiga. Ba sata na zo ba."

Ta bi layi har ya zo kanta. Ɗan kwastan ya kwance buhun: 'yan doyoyi, galan ɗin manja, ƙullin tsumma. Ya buɗe ƙullin, ya tuntsire da dariya. "Iya, kanwa za ki kai Nijar? Daga can fa ake kawo muku ita!" Ya ƙara zura hannu, ya zaro guntayen itace. "Wannan fa? An ce miki can ba su da itace?"

"Na wankan jego ne. 'Yata ta haihu."

"Masha Allah. Yaushe?"

"Yaron ya fara rarrafe."

Dariyar ta tsaya. Ya mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaure buhun da hannunsa.

A ɗaya ɓangaren jandarma ya buga mata hatimi ya nuna mata motar Matamai. A mota ta ciro waya don ta ce wa Dijatu ta tsallako lafiya, wayar ta ƙi, layin Najeriya ya ɗauke. Ta tambayi matar da ke kusa da ita ko da sauran nisa, sai aka hau murmushi ana maimaita Hausarta ta kudu. Ta mayar da wayar, ta juya fuska wajen taga har aka isa.

Gidan Baballe tela bai yi wuyar samu ba. Dijatu ta yi ihu ta rungume ta. Amma da aka miƙo yaron, sai ya callara kuka ya maƙale a wuyan kakarsa ta wajen uba. "Oho dai, miji mai rowa, dama ban zo don kai ba," in ji Iyatu tana dariya, abin kuwa ya soke ta har ƙashi. Uwar mijin, mace mai kirki, ta ba ta labarin yadda ta yi wankan tsaf, ba abin da aka rage. Iyatu ta yi godiya. Ta ba da doya da manja, ta tura sauran buhun bayan ƙofa don kunya. Ta sha wannan doguwar hanya, ashe ba aikin da ya rage mata.

Da safe tana lazimi ta ji ƙanshin hayaƙi. Kirya ce, ko cikin barci ta san ta. Ta fito tsakar gida ta tarar da tukunya kan murhu tana tafasa, itacenta na ci a ƙasa, Dijatu na tsugune da ɗaurin ƙirji, riƙe da ganyen darbejiya.

"Ke, arba'in ai ta wuce tuntuni," in ji Iyatu.

"Tasu ce ta wuce, Iya. Taki ban yi ba."

 Iyatu ta gyara ɗaurin zane, ta karɓi ganyen, ta tsoma cikin ruwan.

"To juya bayanki," ta ce. "Kuma kar ki yi mini ihu a garin mutane."