Fitilar Keken Baba

Ina aji uku na elementare Baba ya sayi keke. Tela ne, rumfarsa na bakin kasuwar Haɗeja, kuma keken ya saye shi ne don zuwa gaida kakata a ƙauyensu da ke hanyar Auyo. A lokacin 'yan doka na kama duk wanda ya hau keke da duhu babu fitila, don haka wata ranar Lahadi ya ce in raka shi wurin mai gyaran keke mu zaɓo.

Iri uku mutumin ya shimfiɗa a kan buhu. Akwai ƙarama ta kananzir mai gilashi, wadda Baba ya ce hayaƙinta zai ɓata masa riga. Akwai ta kabaid, wani dutse mai fitar da iskar da ke kama wuta, da aka zuba mata ruwa sai wani wari ya taso kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, na toshe hanci da gefen mayafina. Ta ukun sabuwa ce, ana ce mata dainamo, wani ƙarfe kamar 'yar kwalba da ke gogar taya. Mai gyaran ya ɗaura ta, ya kifar da keken, ya juya feda da hannu. Haske fari ya faɗa a bangon rumfar da rana tsaka.

"Malam tela, wannan irin matan birni ce," in ji shi. "Ba ta cin mai, amma in ka tsaya ta tafi ta bar ka."

Baba ya yi dariya ya ce shi ai ba mai tsayawa ba ne. Ita ya ɗauka.

A ƙarshen damina muka je ƙauyen, ina bayansa a kan kariyar keken. Kaka ta riƙe mu da hira har muka yi magariba a can. A irin wannan lokaci ruwan kogi ya riga ya cika fadama, hanyar kan koma wani siririn tudu, shinkafa a dama, ruwa mai zurfi a hagu. Duk gidanmu an san Baba bai iya iyo ba, ko jirgin fito ba ya shiga sai dole.

Da farko fitilar ta yi kyau, har ƙwari na ta bugun gilashinta. Da muka shiga laka sai taya ya jiƙe, ƙarfen ya riƙa zamewa a kansa yana wani kuka siriri. Hasken ya yi ja, ya dawo, ya sake yin ja. In Baba ya rage gudu sai duhu, don haka ya ƙara taka feda. Na riƙe bayan rigarsa da hannu biyu.

Can gabanmu muka hango haske guda. Baba ya ce min in kwantar da hankalina, ga wani mai keke can tafe, ke nan hanya a miƙe take. Ya saita kan keken wajen hasken. Ni kuwa da na leƙa ta gefen kafaɗarsa sai na ga hasken yana lilo a hankali, kuma akwai wani irinsa a ƙarƙashinsa yana rawa. Ban gama tunanin abin da nake gani ba ƙasa ta ƙare a ƙarƙashinmu. Hanyar ta karya dama, mu mun miƙe.

Na faɗa a gefe, inda ruwan ya tsaya min a ƙirji. Fitilar ta mutu nan take. Ba na ganin ko tafin hannuna, sai ƙarar ruwa da wani irin gurnani da ban taɓa jin ya fito daga bakin mutum ba. Haka na tsaya, laka na cin ƙafata, ina jin ƙarar tana raguwa.

Hasken nan ashe fitilar masunci ce a kan kwalekwale. Masuncin ya taho da sauri, ya miƙa wa Baba gorar tuƙinsa, ya ga ba a kama ba, sai ya faɗa ruwan da kansa. Babbar rigar Baba ta naɗe a sarƙar keken, sai da ya yanke ta da wuƙa. Ya jawo Baba bakin tudu ya kifar da shi yana danna masa baya. Na ga ƙafafun Baba a hasken fitilar, babu takalmi, ba sa motsi. Sai can ya yi tari, ruwa ya zubo ta baki da hanci.

"Ina 'yata?" Abin da ya fara faɗa ke nan.

"Ga ta nan tsaye kamar an dasa ta," in ji masuncin. "Wallahi Malam, na zaci dorina ce ta faɗo."

Babu wanda ya yi dariya. Mutumin ya ce a bar keken sai da safe, ya ɗauke mu a kwalekwalensa. Baba ya zauna a tsakiya, ya damƙe gefe da gefe, haƙoransa na haɗuwa, ina jin su duk da ƙarar ruwa. Da muka sauka a mashigin gari ya yi wa mutumin godiya da muryar da ba tasa ba. Sannan ya miƙo min hannu ya ce in riƙe shi da kyau, in shige gaba.