Salmatu Mai Gadin Numfashin Kalilu

Salmatu 'yar ƙetaren iyaka ce. A wani ƙauye kusa da Ɗan Issa aka haife ta, cikin ƙasar Nijar, aure ne ya kawo ta Jibiya. Masa take toyawa a bakin shingen kwastan, duk direban da ke bin hanyar Maraɗi ya san tandarta. Sa'ad da ta auri Kalilu yaron mota ne, dogo siriri, ba ya zama wuri ɗaya. Duk wata takan tsallaka ta yi 'yan kwanaki wurin mahaifiyarta, ta dawo da ƙullin kuka da daddawa.

Da kuɗin mai suka shigo ƙasa, wani alhaji ya damƙa wa Kalilu sabuwar babbar mota, yana jigilar siminti da sukari da atamfa zuwa Maraɗi. Daɗi ya samu. Balangu da safe, tsire da yamma, lemon kwalba kamar ruwan randa. Nan da nan ya ajiye tumbi, wuyansa ya shige cikin kafaɗu, har tela ya sake masa awo.

Sai minshari ya biyo baya. Maƙwabta suna ji ta bayan katanga, suna dariya. Salmatu ma ta yi dariya da farko, kafin ta lura da abin da ke tsakanin minsharin. Yana cikin ja sai ya ɗauke ɗif. Ƙirjinsa na ta kokawa, amma iska ba ta shiga. Can sai ya zabura ya shaƙi numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Ran da shirun ya yi tsawo ta jijjiga shi da hannu biyu, ya farfaɗo, ya juya, ya ci gaba da barcinsa.

Da safe ta ce, "Maigida, numfashinka na tsayawa in kana kwana."

"Wa ya taɓa jin haka? Ga ni a gabanki ina shan koko."

"Wallahi da idona na gani."

"To ki riƙa rufe idon, ki yi kwana kamar kowa."

Ba ta ƙara barci kamar kowa ba. Ta koma kwanciya da tafin hannunta a kan haƙarƙarinsa. In yana minshari sai ta gyangyaɗa, da ya yi shiru sai ta farka ta zungure shi. Ranar da ya kwana a Maraɗi kuwa ta fi shan wahala, don ba ta san wanda zai taɓa shi ba. Masarta ta fara ƙonewa. Sau ɗaya ta yi gyangyaɗi har gefen zanenta ya kama wuta. Zuwa ƙauye ya tsaya.

An nemi magani. Wasu suka ce dannau ne, aka yi hayaƙi, ya sha rubutu. Wanzami ya leƙa bakinsa ya ce hakin wuya ne, ya yanke. Kalilu ya yi mako yana shan kunu kawai, da ya warke minsharin ya dawo da shirunsa.

Shi ma rana ba ta bar shi ba. Ana cikin hira sai kansa ya langaɓe. Goro yake ci kamar abinci, duk da haka barci na sace shi. Wani hantsi yana cikin layin motoci a bakin shinge, ƙafarsa ta saki birki. Salmatu tana zaune gaban tanda ta ga motar tana gangarowa a hankali, mijinta ya kifa kai a kan sitiyari. Ta ƙwala ihu. Jami'in kwastan ya yi tsalle gefe, motar ta karya sandar shingen ta tsaya a jikin durom. Ba wanda ya ji ciwo, amma alhaji ya karɓi makullinsa, ya ce a kai Kalilu asibiti Katsina.

Likitan da suka samu ɗan ƙasar Indiya ne. Wata nas, Sista Maryamu, 'yar kudancin Zariya, ita ke yi musu tafinta. Ya duba maƙogwaron Kalilu, ya saurari Salmatu da kyau. Ya ce ya karanta labarin irin wannan ciwo. A ƙasashen Turawa akwai inda ake liƙa wa mutum wayoyi ya kwana ana auna barcinsa, amma nan babu na'urar. Sai dai a kwantar da shi, Sista ta zauna ta gani da idonta.

Da dare Sista ta jawo kujera kusa da gadon, da agogo a hannunta. Ta ce wa Salmatu, "Kome kika gani, kar ki taɓa shi. So muke mu ga yadda yake yi in ba kowa."

Salmatu ta zauna a ƙasa, ta danne hannayenta ƙarƙashin cinyoyinta. Minshari ya cika ɗakin, sauran majinyata suna tsaki. Ya ɗauke. Ta daure, ya dawo da kansa. Ya sake ɗaukewa, ta cije leɓe, ya dawo. Haka aka yi ta yi. Can ya yi wani shiru mai tsawo, leɓɓansa suka yi duhu. Ba ta san lokacin da ta tashi ta finciki kafaɗarsa ba. Da ta waiga don ba da haƙuri, sai ta ga Sista ma a tsaye take.

Da safe likita ya ce naman maƙogwaron ne ke rufe hanyar iska in jiki ya saki. Ya rage ƙiba, ya riƙa kwana a kan gefe, tuƙi kuma ya haƙura da shi. In abin ya ƙi, a Zariya za a iya huda masa wuya a sa ɗan bututu.

Kalilu ya dafe maƙoshi. "A huda mini wuya ina raye? Ni rago ne? Tashi mu tahi."

Salmatu ba ta tashi ba. "Sista, tambaye shi. In ban tashe shi ba, mutuwa zai yi?"

Likita ya yi magana, Sista ta fassara: "Ya ce yawanci jiki na tada kansa. Amma ba zai iya rantse miki ba."

Da wannan ta koma Jibiya. Ta ɗinka ƙwallon goruba a bayan tsohuwar taguwarsa, kamar yadda Sista ta nuna mata, don kada ya yi rigingine. An samu ɗan sauƙi, ba mai yawa ba. Kalilu ya kafa tebur a bakin shinge yana sayar da baƙin mai, yana kallon tsofaffin yaransa suna wucewa da sababbin motoci suna masa hon. Tumbin bai ragu ba.

Sai aka aiko mahaifiyarta ba lafiya. Salmatu takan tafi da hantsi, ta dawo kafin a rufe shinge. Wata la'asar tana ɗaura mayafi, tsohuwar ta riƙe mata hannu.

"Ɗiyata, kwana nan yau. Dare guda."

"Inna, kin san halin da nike ciki."

"Na sani. Ai ban ce komi ba."

Cikin makon tsohuwar ta cika da asuba. Kafin Salmatu ta isa an kai ta.

A wurin zaman makoki, tana jingine da bangon ɗakin mahaifiyarta, mata na shiga suna fita, barci ya kwashe ta. Gwaggonta ta hana a tashe ta. Da ta buɗe ido an yi magariba, an rufe shinge. Ta miƙe ba takalmi tana kiran ƙanenta Manu.

"Yaya, ki bari sai da safe mana."

"Ɗauko babur!"

Suka bi ta hanyar daji, ta cikin gonakin gero, yashi na kada su. Bayan isha suka isa. Ta faɗa gida da gudu, ta tarar da Kalilu zaune a tsakar gida, ya tsoma ƙafafunsa cikin bokitin ruwan sanyi, bakinsa cike da goro, idanunsa jajur.

Ya ce, "Na ƙi kwanciya. Tsoro nike ji."

Ta tsaya tana haki. Sannan ta janye bokitin, ta share masa ƙafa da gefen zanenta.

"Tashi ka shiga. Na zo."